A 2024 an yi ta rigimar wa zai naɗa koci, ƙwallaye kuwa ta gefe suke shigowa ragar Kamaru

Tun ranar 2 ga Afrilun 2024 da ma'aikatar wasanni ta bayyana Marc Brys a matsayin sabon kocin tawagar Kamaru, hira ɗaya aka yi ta yi a gidajen kallo da teburan mai shayi na Banyo: wa ke da ikon naɗa koci, minista Narcisse Mouelle Kombi ko Samuel Eto'o da hukumarsa ta Fecafoot? An yi ta cikin azumi, an yi ta da Sallah, ba a gaji ba. Wasu na bayan gwamnati don ita ke biyan albashi, wasu na bayan Eto'o don shi Eto'o ne. Amma ko wa ya yi rinjaye, akwai lissafin da ke jiran mutumin da zai zauna a benci a watan Yunin 2024. A gasar cin kofin Afirka da aka kammala a Kwaddibuwa a farkon 2024, wasa huɗu Kamaru ta buga, aka zura mata ƙwallo 8: ɗaya daga Gini, uku daga Senegal, biyu daga Gambiya, biyu daga Najeriya. Ga ƙasar da aka san ta da taurin baya, wannan abin kunya ne.

Da yawa sun ɗora laifin a kan gola, musamman da yake André Onana ya iso gasar a makare, aka kuma ajiye shi bayan wasa ɗaya. Wasu sun ce 'yan bayan tsakiya ne. Ni kuwa na fi ganin a duba gefen fili, wajen masu lamba 2 da lamba 3, waɗanda a filayenmu ake ce wa lateral. Ba don su ne suka fi kowa kuskure ba. Dalili shi ne a wurinsu ake gane ko koci yana da tsari ko kuwa sunaye goma sha ɗaya kawai ya rubuta a takarda.

Mu fara da abin da ya faru a gabanmu, a Garwa. Duk wanda ya bi hanyar Tibati da Ngaundere ya je filin Roumdé Adjia a Janairun 2022 ya ga yadda Moses Simon ya zama abin kallo. Najeriya ta ci wasanninta uku na rukuni a nan: Masar 1-0, Sudan 3-1, Gini Bisau 2-0. A wasan Masar da na Sudan, da zarar ƙwallo ta isa ƙafar Simon a gefen hagu sai fili ya ɗauki ihu, don an san ɗan bayan da ke gabansa ya shiga uku. Garin ya cika da baƙi daga Yola da Mubi, mutanen Garwa ma suka mayar da Najeriya tamkar tasu.

Sai ga Tunisiya ranar 23 ga Janairu. Ƙungiya ce da ta fito daga rukuninta da kyar, korona ta kwantar mata da 'yan wasa, kocinta Mondher Kebaier ma bai zauna a benci ba, mataimakinsa Jalel Kadri ne ya ja ragamar. Abin da suka yi ba wani sihiri ba ne. Mohamed Dräger, mai lamba 2 ɗinsu, bai yi ta hawa gaba ba, kuma bai yi gaggawar kai ƙafa ba. Idan Simon ya karɓi ƙwallo, Dräger zai tsaya a gabansa ya tare masa hanyar layi, kafin ka ce me wani ya sauko daga gaba ko daga tsakiya ya tare masa hanyar ciki. Mutum biyu a kansa, wani lokaci uku. Simon ya juya nan bango, ya juya can bango, sai ya mayar da ƙwallo baya. Augustine Eguavoen bai zo da wata dabarar ba ban da a miƙa wa 'yan gefe, don haka da aka toshe gefen sai wasan Najeriya ya mutu a tsaye. Youssef Msakni ya buga ɗaya daga nesa jim kaɗan bayan hutun rabin lokaci, Alex Iwobi ya sha jan kati, shi ke nan, aka kwashe kaya.

Washegari mutane suka yi ta zagin gola Maduka Okoye. Kaɗan ne suka yi maganar Dräger, kuma ko su ɗin ba su faɗi rabin labarin ba, don ba shi kaɗai ya tsare Simon ba. An tsara ne kada a taɓa barinsa shi kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma babu ɗan bayan gefe a duniya da zai yi minti casa'in gaba da gaba da ƙwararren ɗan gefe ba a wuce shi ba.

Ga yadda aikin yake idan an tsara shi, ga wanda bai taɓa lura ba. 'Yan baya huɗu kamar an ɗaure su da igiya ɗaya ne. Ƙwallo na gefen dama, mai lamba 2 ya fita ya tare, na kusa da shi a tsakiya ya matso ya rufe bayansa, ɗayan na tsakiyar shi ma ya matso, mai lamba 3 kuwa ya bar layinsa ya shigo ciki ya tsare ƙarfen raga na nesa. Ƙwallo ta koma hagu, a juya. Wurin da ya fi kowane haɗari shi ne lungun da ke buɗewa tsakanin ɗan bayan gefe da ɗan bayan tsakiya a daidai lokacin da na gefen ya fita. Wannan lungu ba shi zai rufe ba, don idonsa na kan mai ƙwallo. Aikin ɗan tsakiya mai tsaro ne, mai lamba 6, ya faɗa ciki. Idan kuma ɗan bayan abokan hamayya ya zagayo ta waje ya zama su biyu a kan mutum ɗaya, to ɗan gefenmu na gaba, mai lamba 7 ko 11, shi ne zai biyo shi da gudu. Kun ga ke nan mutum uku ke tsare gefe ɗaya. Ɗaya ya yi kasala, wanda kyamara za ta nuna yana haki shi ne mai lamba 2, shi kuma za a zaga.

Sai lokacin kai hari. Tsohuwar doka ita ce ɗaya ya hau, ɗaya ya zauna. Idan na dama ya tafi, na hagu ya matso ciki su zama uku a baya, don in an ƙwace ƙwallo a samu masu tarbar farmaki. Su biyun su hau tare, sai an tanadi wanda zai zauna a madadinsu. Liverpool ta Jürgen Klopp ta yi shekaru tana sakin Trent Alexander-Arnold da Andy Robertson lokaci guda, amma Fabinho da Henderson da Wijnaldum ne ke biyan kuɗin da huhunsu. Duk da haka a wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai na 2022, ta bayan Trent Vinícius ya lallaɓo ya ci wa Real Madrid. Shi kuwa Pep Guardiola, da yaranmu ke ɗauka sarkin kai hari, a shekarar da Manchester City ta ci kofuna uku, 2023, 'yan bayan tsakiya irin su Nathan Aké da Manuel Akanji ya riƙa ajiyewa a gefe, mutanen da sana'arsu tsaro ce.

Kamaru ba baƙuwar wannan ilimi ba ce. A Mali a 2002, ƙarƙashin Winfried Schäfer, ta ɗauki kofin Afirka ba a zura mata ko ɗaya ba, Geremi na dama, Pierre Womé na hagu, Rigobert Song da kansa na tsakiya yana ba da umarni. Shi ya sa abin da muka gani a Kwaddibuwa ya fi ciwo: mutumin da ya jagoranci wancan bango shi ne kocin da aka zura wa 8.

Amma misalin da ya fi dacewa da Brys shi ne na ɗan ƙasarsa, Hugo Broos. A ƙarshen 2016 manyan 'yan wasa da dama suka ƙi amsa kiran ƙasa, ciki har da Joël Matip da Allan Nyom, wanda ɗan bayan dama ne mai buga wasa a Ingila a lokacin. Broos ya tafi Gabon da ragowar, mutane na cewa in sun fito daga rukuni ma an gode Allah. A zagayen sili-ɗaya-ƙwale Collins Fai ne a dama, Ambroise Oyongo a hagu. Oyongo namu ne ta wani ɓangare, don a Coton Sport ta Garwa ya yi suna kafin ya tafi Amurka, kamar yadda Vincent Aboubakar da Jacques Zoua su ma daga can suka fito.

Abin da Broos ya nema a wurin mutanen nan biyu bai da yawa: ku fara tsaro tukuna, ku hau in hanya ta buɗe, kada ku hau tare. Ainihin nauyin ya ɗora shi ne a kan waɗanda ke gabansu. Christian Bassogog, da aka zaɓa gwarzon gasar, mutane na tuna gudunsa zuwa gaba, ba sa tuna sau nawa ya dawo ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da ɗan bayansa. Kyaftin Benjamin Moukandjo haka. Sébastien Siani da Arnaud Djoum kuma na tsakiya suna toshe lunguna. A Franceville, Senegal mai Sadio Mané da Keita Baldé ta yi minti 120 ba ta ci ba, aka je fenareti, Fabrice Ondoa ya tare na Mané. Ghana ta sha 2-0. Gaba ɗaya wasa shida, ƙwallo uku kacal aka ci Kamaru.

Ɗaya daga cikin ukun nan darasi ce a kanta. A wasan ƙarshe a Libreville, 5 ga Fabrairun 2017, Mohamed Salah ya riƙe ƙwallo a gefen damar Masar, hankalin 'yan baya ya koma kansa, Mohamed Elneny ya kutso daga tsakiya ta wancan lungun da muka ambata ba wanda ya biyo shi, Salah ya zura masa, ya buga ta ƙarfen kusa. Sau ɗaya aka yi sakaci, aka biya. Bayan nan lungun bai sake buɗewa ba, Nicolas Nkoulou ya farke da ka, Aboubakar ya ƙarasa a minti na 88.

Kada in yi wa Broos ado fiye da kima. Wata bakwai bayan haka Najeriya ta yi wa wannan tawaga 4-0 a Uyo, Kamaru ta rasa zuwa Rasha, kafin shekara ta ƙare ya bar aiki. Tsarin da ya dogara da gudun kowa da kowa, ranar da ƙafafu suka yi nauyi ko aka fara cin ka har ka buɗe baya neman ramawa, rushewa yake gaba ɗaya. Sai dai dattijon ya sake nuna ba sa'a ce ta ba shi kofi ba. A Kwaddibuwa ya kai Afirka ta Kudu matsayi na uku, wasa bakwai, biyar daga ciki ba a zura mata ba. Khuliso Mudau a dama, Aubrey Modiba a hagu, dukansu 'yan Mamelodi Sundowns da suka saba da juna da sauran 'yan bayan. Maroko mai Achraf Hakimi, wanda ake lissafawa cikin manyan masu lamba 2 na duniya, ita ta sha 2-0 a hannunsu.

To me ya faru da mu tsakanin nan da can? A gasar da muka karɓi baƙunci a 2022, Toni Conceição ya saki Fai sosai, ya riƙa aika ƙwallaye kan Aboubakar da Karl Toko Ekambi, Nouhou Tolo kuwa ya fi zama a hagu. Rabon aikin ya yi ma'ana: mai iya aikawa ya hau, mai ƙarfin tsaro ya zauna. A wasan kusa da na ƙarshe a Olembe, Tolo ya yi minti 120 da Salah ba a ci ba, fenareti ce ta fitar da mu. A Qatar kuwa, ƙarƙashin Song, ƙwallon da Breel Embolo ya ci mu ta gefen hagunmu ta fito: Xherdan Shaqiri ya samu fili ya shimfiɗo ta ƙasa, Embolo na tsaye a bakin raga ba kowa a jikinsa. Sabiya ta zura uku. Ranar da aka ci Barazil 1-0, da Fai da Tolo ɗin nan dai aka ci ta, amma ranar kowa ya dawo tsaro, har 'yan gaba. 'Yan wasa ɗaya, sakamako daban, gwargwadon taimakon da suka samu.

A Kwaddibuwa Song ya bar Fai da Michael Ngadeu a gida, ya tafi da matasa irin su Junior Tchamadeu da Enzo Tchato da Darlin Yongwa. Sabunta tawaga ba laifi ba ne. Laifin shi ne daga wasa zuwa wasa ana sauya mutane ana sauya tsari, yau huɗu a baya, gobe uku, har ɗan wasa bai san wa ke rufe bayansa ba in ya fita. Igiyar da muka ce tana ɗaure 'yan baya da sabo ake saƙa ta. Ku tuna ƙwallo ta biyu ta Senegal a Yamoussoukro: Ismaïla Sarr ta gefen damarsu, ya shimfiɗo, Habib Diallo ya tura. Ku tuna ta biyu ta Najeriya a Abidjan: Calvin Bassey, ɗan baya, shi ne ya kutso ta hagunsu ya mayar wa Ademola Lookman. Iri ɗaya ce da ta Embolo, an sauya riga kawai. Ta farkon Lookman kam kuskuren mutum ɗaya ne da Victor Osimhen ya ƙwace wa ƙwallo, wannan ba koci zai hana ba.

Masu cewa a koma 'yan baya uku da 'yan gefe biyu masu hawa da sauka suna da hujja, don da shi José Peseiro ya kai Najeriya wasan ƙarshe, Ola Aina a dama, Zaidu Sanusi ɗan Jega ta jihar Kebbi a hagu. Amma su kalli wasan ƙarshen da kyau. Simon Adingra ya samu Aina shi kaɗai sau da yawa, Aina ya gaji, kuma daga ƙafar Adingra ƙwallayen Kwaddibuwa biyu suka fito, ɗaya bugun kusurwa, ɗaya bayan ya wuce ta gefen. Aina da ya yi gasa mai kyau tun farko shi aka yi ta zagi. Lambobin da ake rubutawa a allo, 4-3-3 ko 3-4-3, ba su ke tare ɗan gefe ba. Tambayar dai tana nan: in ya fita, wa ke bayansa, wa ke gabansa?

Wannan magana ta shafe mu a nan gida fiye da yadda muke zato. Je ka kowane fili a Banyo da yamma bayan la'asar ka ga yadda ake raba wuri. Mai iya yanka ya ɗauki 10, mai gudu ya ɗauki 7, babban yaro ya tsaya tsakiyar baya. Wanda ya rage, ƙarami ko wanda ba a yarda da ƙafarsa ba, sai a ce masa, "Kai, je ka riƙe biyu." Umarnin da zai samu daga mai horarwa bai wuce "kada ka bari ya wuce" da "buga ta waje" ba. Ba wanda zai nuna masa yadda ake karkata jiki a tura ɗan gefe zuwa layi, ko a tura mai ƙafar hagu zuwa damarsa, ko yaushe ake ja da baya a jira taimako maimakon a zube ƙasa. Shi kuma mai lamba 7 in an ce ya dawo ya taimaka sai ya ga an raina shi. A gasannin unguwa na lokacin hutu, ƙwallayen da ake ci ta wannan hanya ba sa ƙirguwa, kuma kullum yaron nan na gefe ne ke komawa gida da zagi.

Alhali kuwa wurin nan hanyar abinci ce. Oyongo daga Garwa ya je New York, ya je Montréal, ya je Montpellier ta Faransa. Tolo na Seattle. Zaidu na Porto. Masu neman 'yan wasa sun san 'yan gaba sun yi yawa a kasuwa, ɗan bayan hagu mai hankali kuwa nema ake. Coton Sport, da ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 2008 ta kuma ɗauki kofin ƙasa fiye da sau goma sha biyar, ita ce ƙofar da yaran arewa ke hange, kuma yaron da ya iso can ya riga ya san tsayuwa ya fi wanda ya iso da yanka kaɗai damar zama.

Kafin ya zo Kamaru a 2024, Brys bai taɓa riƙe tawagar ƙasa ba. A ƙungiyoyin Beljiyam da na Saudiyya ya yi aikinsa, na ƙarshe kafin nan OH Leuven, inda koci ke da 'yan wasansa kullum. A nan kwanaki kaɗan zai samu kafin wasa, in ma rigimar ofis ta bar shi ya same su cikin natsuwa. Saboda haka ba shi da lokacin gwaje-gwaje irin na Song. Abin da hankali zai ɗauka a lokacin shi ne ya zaɓi mutum huɗu ya bar su tare, Tolo ya zauna kamar zamanin Conceição, na dama ya hau, sannan ya samu mai lamba 6 da zai yarda ya yi aikin da ba a tafa wa. Dawowar Bryan Mbeumo, da rauni ya hana shi zuwa Kwaddibuwa, za ta taimaka, don a Brentford, inda yake wasa a lokacin, an saba masa da dawowa tsaro. Gefen hagu na gaba ne abin tambaya: duk wanda aka sa a can, sai an gaya masa a fili cewa rabin aikinsa a bayan layin tsakiya yake.

Jarrabawar farko a lokacin ba mai sauƙi ba ce. A rukunin neman zuwa kofin duniya na 2026 na ɗaya ne kawai ke wucewa kai tsaye, kuma bayan wasa biyu Kamaru na da maki huɗu, Kef Bad ma huɗu. Ita ce ta zo Yawunde a watan Yunin 2024, kafin a tafi Angola. Wannan Kef Bad ɗin ta Bubista ta ci Ghana, ta yi 2-2 da Masar, ta kai zagayen 'yan takwas a Kwaddibuwa, kuma ƙarfinta a gefe yake, wajen su Ryan Mendes da Garry Rodrigues da Jovane Cabral. Duk ranar da Kamaru ke wasa, in mai lamba 2 ɗinmu ya hau aka ƙwace ƙwallo, ku ɗauke ido daga kan ƙwallon na daƙiƙa biyar ku ƙirga riguna nawa namu suka rage a baya, ku kuma duba ko mai lamba 7 gudu yake ko tafiya.